Sassaben Zamani: Karatun da Ake Ɗauka a Gindin Kututture

Idan bazara ta kama a karkarar Maraɗi, ba abin mamaki ba ne a tarar da manoma sun yi da'ira a tsakiyar gona, sun kewaye kututturen kalgo ko na sabara. Wani daga cikinsu zai durƙusa da adda mai kaifi, ya duba tohon da ya fito cunkus, ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Sai ya rage ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawon kowane, yana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. In ya gama, ya miƙa addar ga na kusa da shi: "Bismillah, gwada mu gani."

Wannan shi ne sassaben zamani.

Asalinsa ya koma 1983, lokacin da wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya gaji da dashen itatuwan da rana da awaki ke cinyewa. Wata rana ya tsaya ya ƙura wa wani ɗan tsiro ido a gefen hanya, ya gane cewa ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare amma saiwarsa na nan da rai. Irin wannan saiwa ta riga ta kai ga laima can ƙasa, don haka tohonta ya fi dashe saurin girma, kuma ba ya neman ban ruwa.

Da fari jama'a ba su karɓa ba, domin manomin kirki a lokacin shi ne mai share gonarsa fes. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, aka bar itatuwa masu yawa, amma da rabon ya ƙare aka sare galibinsu. Waɗanda suka bar nasu su ne suka zama malamai. Maƙwabci ya ga mata sun huta da doguwar tafiyar neman makamashi, iska ta daina binne shuka da rairayi, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi. Gani ya kori ji. A Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa manoma da makiyaya da mata, garin ya zama wurin da baƙi ke zuwa koyo.

Ta irin wannan koyo daga manomi zuwa manomi ne kuma tassa, wato dabarar haƙa ramukan shuka, ta shigo yankin Tawa. A 1989 aka kai wasu manoman Illela ziyara Yatenga ta Burkina Faso, ƙasar Yakuba Sawadogo, wanda ya saba tara manoma daga ƙauyuka masu yawa sau biyu a shekara don musayar iri da dabaru. Suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a kan faƙo da rani, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga. Da suka dawo gida suka gwada, har faƙon da a da ba mai kallonsa ya koma abin saye da sayarwa.

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar, wajen bishiya miliyan 200. A 2018 Rinaudo da Sawadogo suka samu lambar yabo ta Right Livelihood, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya yi rainonsu a gonarsa.

Katsina da Jigawa da Sakkwato ƙasa ɗaya suke takawa da Maraɗi da Damagaram da Tawa, harshe ɗaya, kalgo da sabara iri ɗaya. Ya rage ga masu unguwanni da malaman gona su kira gayya kafin sharar bana, a gayyato wanda ya iya, a fara da gona guda a bakin hanya inda kowa zai gani.