Abubuwan da ya kamata ka sani kan masu magana da yawun kamfanonin jiragen sama

Kamfanin jiragen sama kan shekara goma yana kai mutane lafiya ba wanda ya san sunan kakakinsa. Ranar da abu ya ɓaci, kowa shi yake nema: 'yan jarida, gwamnati, masu hannun jari, da uwar da ɗanta ke cikin jirgin. Abin da ya faɗa a wannan rana, da lokacin da ya faɗe shi, kan bi kamfanin shekaru.

Mene ne aikinsu?

A ranakun zaman lafiya, aikin bai bambanta da na sauran kamfanoni ba. Su ne ke sanar da sabuwar hanya ko sabon jirgi, su amsa tambayoyin 'yan jarida, su saurari koke-koken fasinjoji a Facebook da X. Babban aikin shi ne shiri. Manyan kamfanoni kan rubuta sanarwar hatsari tun hatsarin bai auku ba, su bar gurbin lambar jirgi da wuri da lokaci. Sukan kuma ajiye wani shafin intanet a ɓoye, babu talla ko hoton masu murmushi, wanda za a buɗe idan masifa ta sauka. Wasu na ɗaukar kamfanonin hulɗa da jama'a haya, su horar da shugaban kamfani yadda zai tsaya gaban kyamara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa ba sa faɗar abin da ya jawo hatsari?

Mutane kan ɗauka rufa-rufa ce. Wani lokaci haka ne, amma akwai ƙa'ida. Bisa tsarin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ƙasar da hatsari ya auku a cikinta ce ke da alhakin bincike, kuma ana sa ran rahoton farko cikin kwana 30. A Najeriya hukumar NSIB ke wannan aiki. Kamfani yana iya faɗar lambar jirgi, inda ya taso, inda ya nufa da yawan mutanen ciki. Batun ko laifin matuƙi ne ko na inji, na masu bincike ne. Kakakin da ya yi azarɓaɓin ɗora laifi kan wani, ya jawo wa kamfaninsa shari'a, kuma ya ci zarafin wanda watakila ba ya raye balle ya kare kansa.

Iyalai kafin 'yan jarida

Nan ne aka fi faɗuwa. A shekarar 1996, bayan haɗurran jiragen ValuJet da TWA, Amurka ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanoni tanadar lambar waya ta kyauta da tsarin sanar da iyalai da kula da su. Dokar ta biyo bayan koken iyalan da suka riƙa jin labarin 'yan uwansu a talabijin, ko suka kwana suna buga waya ba amsa.

Dubi shekarar 2014. Ranar 8 ga Maris jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH370 ya ɓace da mutum 239 a hanyarsa daga Kuala Lumpur zuwa Beijin. Kwanaki ana ta fitar da bayanai masu karo da juna, jami'i ya faɗi wannan, wani ya warware. Ranar 24 ga watan, wasu iyalai suka sami saƙon tes da ke cewa a ɗauka babu wanda ya tsira. Kamfanin ya ce ya sanar da yawancinsu baki da baki ko ta waya, tes ɗin ƙari ne kawai. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Washegari iyalai suka yi zanga-zanga zuwa ofishin jakadancin Malesiya a Beijin. Mu da ake tura dattijo musamman ya je ya faɗi rasuwa, ba sai an yi mana bayanin zafin wannan ba.

A ƙarshen shekarar, ranar 28 ga Disamba, jirgin AirAsia ya faɗa teku da mutum 162 bayan ya taso daga Surabaya ta Indunusiya. Shugaban kamfanin, Tony Fernandes, ya tashi ya tafi Surabaya a ranar, ya zauna da iyalai, yana kuma magana da bakinsa a Twitter. Hakan bai dawo da ko mutum ɗaya ba, amma iyalan sun ga fuskar wanda za su tambaya.

Wayar da ke hannun fasinja

Ranar 9 ga Afrilu, 2017, a filin jirgin O'Hare na Chicago, jami'an tsaro suka ja wani likita a ƙasa suka fitar da shi daga jirgin United, fuskarsa jina-jina, don a sama wa ma'aikatan jirgi kujeru. Fasinjoji suka ɗauki bidiyo, kafin gari ya waye ya zaga duniya. Sanarwar farko ta shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ta ba da haƙuri ne kan sauya wa fasinjoji jirgi, kamar ba mutum aka ja a ƙasa ba. Wasiƙar da ya aike wa ma'aikata kuma ta nuna fasinjan ne ya yi taurin kai, ita ma ta fita waje. Sai a kwana na uku ya nemi afuwa sosai. Abin mamaki, wata guda kafin nan mujallar PRWeek ta karrama shi a matsayin gwanin sadarwa na shekara. Daga baya kamfanin ya sasanta da likitan, ya kuma ɗaga abin da yake iya biyan wanda ya bar kujerarsa da son ransa zuwa dala 10,000.

A ganina kuskuren United shi ne yin magana da harshen lauya ga mutanen da suka riga suka ga jini da idonsu.

Shafe tambari

Wani kuskuren kuma shi ne ƙoƙarin ɓoye sunan kamfani bayan hatsari. A 2013 an shafe tambarin Alitalia daga wani jirgi da ya zame daga titin sauka a Rum, haka ma Thai Airways ya yi a Bankok. Hotunan shafewar kuwa suka yi ta yawo.

A nan gida

Mun san ɗacin abin. Akwai jirgin alhazai da ya faɗi a Jidda a 1991 da mutum 261 a hanyarsa ta zuwa Sakkwato, da na EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano a 2002, da na ADC a 2006 wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki. Amma inda fasinja ya fi haɗuwa da sadarwar kamfani shi ne ɗakin jira. Lokacin hunturu hazo kan hana jirage sauka a Kano da sauran filayen Arewa, kuma ba mai hankalin da zai so matuƙi ya sauka bai ga titi ba. Abin da ke tunzura mutane shi ne a bar su sa'a huɗu ba wanda ya ce uffan, ko a ce "matsalar aiki" a yi shiru. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ita ke shan zagi, alhali sau da yawa ita ma ba a gaya mata komai ba.

Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun ba fasinja haƙƙin a sanar da shi dalilin jinkiri, a ba shi abin taɓawa idan jira ya yi tsawo, a kuma mayar masa da kuɗinsa idan ya wuce ƙima ko an soke tafiyar. Idan hakan ya same ka, ka ajiye tikitinka, ka rubuta lokacin da aka yi kowace sanarwa, ka fara kai ƙara wurin kamfanin. In ba su saurare ka ba, hukumar tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filayen jirgi.