Hoton Mama Ba Ya Kawo Ciwon Wuya

A wannan fitowa za mu yi magana a kan sankarar mama, da hoton da likita yake ɗauka don ya gano ta. Akwai wata jita-jita da ke yawo a duniya. Ana cewa wai hoton mama yana lalata wuyan mace. Za mu duba wannan magana daki-daki, domin tsoron da ba shi da tushe yana iya hana uwa zuwa asibiti har lokaci ya ƙure.

Mene ne hoton mama?

A asibiti akwai hoton da muke kira radiyo, wanda ake yi wa mai karaya ko mai tari. Ana ɗaukarsa da wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana ratsa nama, ya fito da abin da ke ciki. Wani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano shi a shekarar 1895.

Hoton mama, wanda likitoci ke kira mamografi, ɗan'uwan radiyo ne. Mace tana tsayawa gaban na'ura. Ana ɗora mama tsakanin faifai biyu, a matse shi na ɗan lokaci kaɗan. Ana ɗaukar hoto biyu a kowane mama, wato huɗu ke nan. Matsewar tana da ɗan zafi, amma ba ta daɗewa. Amfaninta biyu ne: hoto yana fita sarai, kuma hasken da ake bukata yana raguwa. Wannan hoto yana iya nuna ƙullutu tun yana ƙarami, tun hannu bai iya jinsa ba.

Mene ne a cikin wuyanmu?

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata ƴar tsoka. Likitoci suna ce mata tiroyid. Idan ta kumbura, ita ce muke kira maƙoƙo. Aikinta babba ne. Ita ce ke daidaita zafin jiki, da bugun zuciya, da kuzarin mutum, da girman yaro da kaifin hankalinsa.

Gaskiya ne, haske mai ratsa jiki yana iya cutar da ita idan ya yi yawa, musamman ga yara. An ga haka a ƙasar Yukren. A ranar 26 ga Afrilu 1986, tashar wutar nukiliya ta Carnobil ta fashe. Guba ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Zuwa shekarar 2005, an ƙidaya mutum fiye da 6,000 da suka kamu da sankarar wuya, cikin waɗanda suke yara lokacin haɗarin. Saboda haka mai tambaya a kan wuyansa bai yi laifi ba. Sai dai tambayar ita ce: nawa ne hasken da ke kai wa wuya lokacin hoton mama?

Daga ina maganar ta fito?

A shekarar 2010, a ƙasar Amurka, wani likita mai shirin talabijin, Mehmet Oz, ya shawarci mata su nemi a rufe musu wuya da garkuwar darma lokacin hoton. Maganar ta bazu ta intanet, ta shiga ƙasashe da yawa. A watan Afrilu 2011, manyan ƙungiyoyi biyu na likitocin hoto na Amurka suka ba da amsa. Suka ce hasken da ke kai wa wuya bai wuce wanda mutum yake samu cikin minti 30 na zaman duniya ba.

Sun kuma jawo hankali a kan wani abu. Masu jita-jita suna cewa sankarar wuya ta ƙaru a Amurka. To, ta ƙaru ga mata, ta kuma ƙaru ga maza. Maza kuwa ba a yi musu wannan hoto kamar yadda ake yi wa mata. Babban dalilin ƙaruwar shi ne, na'urorin zamani suna gano ƙananan ƙullutai waɗanda a da ba a ganinsu.

Mu auna da tiya

Me ake nufi da minti 30 na zaman duniya? Allah ya halicci irin wannan haske a ko'ina. Yana fitowa daga ƙasa da duwatsu, yana saukowa daga sama, akwai shi kaɗan a abinci da ruwa. Manomi a gonarsa yana samunsa. Mace mai daka a tsakar gida tana samunsa. Kakanninmu sun rayu da shi tun kafin a gina ganuwar Birni.

Mu ɗauka hasken da mutum yake samu a shekara guda buhun hatsi ne mai tiya 40. Hoton mama gaba ɗaya kamar tiya 5 ne ko 6, wato abin da muke samu cikin mako 7. Shi kuwa rabon wuya, bai wuce cokali ɗaya na hatsi ba daga cikin buhun.

Dalili shi ne, na'urar tana fuskantar mama kaɗai. Wuya ba ya kan hanyar hasken. Ku tuna mai ban ruwa a garkar Mirriya. Ruwan yana zuba cikin fangali. Ɗan feshin da ya taɓa ƙafarsa ba ya jiƙa masa riga. Haka nan abin da ke kai wa wuya, feshi ne kawai.

Garkuwar darma fa?

Wani zai ce, ai rufe wuyan bai ɓata kome ba. Likitocin hoto sun ce yana iya ɓatawa. Garkuwar tana iya zamewa ta shiga cikin hoton. Tana iya rufe saman mama da wajen hammata, inda sankara take yawan ɓuya. Tana kuma hana mace tsayawa daidai. Idan hoto ya lalace, dole a sake ɗauka, mama ya sha haske sau biyu. An gudu gara, an faɗa gidan zago ke nan. Don haka ba a ba da shawarar sa ta a hoton mama.

Kada mu haɗa abubuwa huɗu

Na ɗaya shi ne mamografi, wanda muka bayyana. An fi yi wa mata masu shekara 40 zuwa sama.

Na biyu shi ne ekografi, irin wanda ake yi wa masu ciki. Shi da sauti yake aiki. Babu haske mai ratsa jiki a cikinsa ko kaɗan. Da shi aka fi fara duba ƴan mata, da masu ciki, da masu shayarwa.

Na uku shi ne sikana. Haskensa ya fi na mamografi yawa nesa ba kusa ba. Likita yana nemansa idan yana so ya san ko ciwo ya bazu zuwa huhu ko hanta.

Na huɗu shi ne gashi, wato jiyya da haske mai ƙarfi don kashe sankara. Wannan magani ne, ba hoto ba ne. Idan gashin ya kai gindin wuya, yana iya rage ƙarfin tiroyid. Likita yana gane haka da awon jini, kuma akwai ƙwayar da ake sha kullum ta cike gurbin. A ƙasarmu an fara wannan jiyya a shekarar 2021, a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara da ke Yamai, da taimakon hukumar AIEA.

Abin da ke kawo maƙoƙo

Babban abin da ke kawo maƙoƙo a ƙasashenmu shi ne rashin sinadarin iyodi a abinci. Mun yi nisa da teku, ƙasar nomanmu kuma ba ta da iyodi da yawa. Damagaram ta daɗe da sanin gishirin Bilma da ayari ke kawowa, da mangul na ƙasar Manga. Gishiri ne mai tarihi, amma ba a ƙara masa iyodi yadda ake ƙara wa na leda mai tambari. Tun a shekarun 1990 Nijar ta kafa dokar sayar da gishiri mai iyodi. Mu neme shi a kasuwa. Mu ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi. Wannan ita ce garkuwar wuyan iyalinmu, musamman masu ciki da yara.

Abin tsoro na gaskiya

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama ga mata miliyan 2.3, kuma 670,000 sun rasu. A Nijar, rajistar masu sankara da aka buɗe a Yamai a 1992 ta nuna ita ce kan gaba ga mata. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. A wajenmu mata da yawa ba sa zuwa sai mama ya fashe ya zama gyambo. Jinkiri ne ke kisa. Hoto ba ya kisa.

Kowace mace ta duba mamanta sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan al'ada. Ga alamun da za ta lura da su:

1. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo.
2. Kan mama ya shige ciki.
3. Jini ko wani ruwa yana fita daga kan mama.
4. Fata ta koma kamar ɓawon lemo.
5. Miki wanda ya ƙi warkewa.

Yawancin ƙullutai ba sankara ba ne. Amma likita ne kaɗai zai iya rabewa. Kada a yi sakiya, kada a tsaga, kada a lalas da wuta. A je likitar da ta fi kusa, ko a Magarya ake, ko Tanut, ko Gure, ko Matamai. Daga nan za a ba da takarda zuwa Babban Asibitin Damagaram ko Cibiyar Uwa da Yaro, likita ya faɗi irin hoton da ya dace da wurin da za a yi shi. OMS tana so a gama bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa.

Ranar hoto

A yi wanka, amma kada a shafa hoda, ko mai, ko turare a mama da hammata, don suna iya ɓata hoto. A cire sarƙa da laya daga wuya. Mai ciki, ko mai zaton ciki, ta faɗa kafin a fara. Mai tsohon hoto ta zo da shi. Mai tambaya ta yi tambayarta, matambayi ba ya ɓata.

Kira ga magidanta

Malam mai gida, idan uwargida ta ce ta ji ƙullutu, kada ka ce a bari sai bayan kaka. Ba ta izini, ba ta kuɗin mota, ka raka ta in da hali. Kuɗin hoto a yau ya fi sauƙi bisa ga tafiyar Yamai gobe, mai nisan kilomita kusan 900. Ka kuma sani, maza ma suna kamuwa, ko da yake ba su wuce 1 cikin 100 na masu ciwon ba.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. A tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci, da wajen suna, da bakin rijiya. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.