Littafin Bashi A Kwamfuta: Darasi Daga Kasuwannin Omdurman

Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, cikin watan azumi, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Kafin a ankara, an wawashe shaguna a babbar kasuwar Omdurman, wasu kuma sun ƙone, yayin da kasuwar Libiya da ke yammacin birnin ta faɗa hannun RSF har zuwa watan Maris na 2025. Cikin masu neman abinci a waɗannan kasuwanni akwai 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, waɗanda kakanninsu suka zauna can a kan hanyar Makka.

Kowa ya san asarar kaya. Amma akwai wata asarar da ba a cika maganarta ba, wato ta lissafi. Ɗan kasuwar da ya fita da rigar jikinsa, ya baro kwamfuta a gida ko a shago, ya baro sunayen waɗanda yake bi bashi, da rasidan kaya, da hotunan takardun shago. Wanda bai da shaida kuwa, sai dai ya dogara da tsoron Allahn wanda ya ci bashin.

A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a sassan ƙasar da dama. Masu hada-hada da manhajar Bankak ta Bankin Khartum suka tsaya cik. Wanda ya ajiye komai a intanet kaɗai, shi ma bai iya kai hannu ga ajiyarsa ba. Ke nan ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce, ko a gida take ko a intanet.

Mu kanmu mun taɓa ɗanɗana irin wannan. Mun sayi faifan ajiya na waje, muka saita manhaja ta riƙa kwafe mana aiki duk mako, muka saki jiki. Ranar da kwamfutar ta mutu muka jona faifan a wata, sai muka tarar rabin fayilolin babu su. Manhajar ta daɗe tana kasawa, mu kuma ba mu taɓa buɗewa mun duba ba. Abin da muka koya daga nan shi ne muke son 'yan kasuwarmu na Jibiya da Illela da Maigatari da Ƙonni su sani.

Da farko, kowane faifai ko filas yana da tsarin da aka shirya shi a kai. Tsarin FAT32, wanda ƙananan filas da yawa ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Manhajar da ke dunƙule ajiya ta zama ƙaton fayil guda za ta tsaya a nan. Tsarin NTFS na Windows ne. Kwamfutar Mac tana iya karanta shi, amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Idan Alhaji na aiki da Windows, yaronsa kuma da Mac, tsarin exFAT ne ke yi wa duka biyun aiki.

Na biyu, idan ka jona faifai kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, kada ka yarda. Fomat shafe abin da ke ciki yake yi. Zare shi, ka canza waya, ka gwada wata kafar USB, musamman ta bayan kwamfutar tebur, domin wani lokaci wutar da ke kai wa faifan ce ba ta isa. Idan kuwa ka ji yana ƙara ƙas-ƙas, kashe shi ka kai wa mai gyara.

Na uku, a yi hattara da filas na jabu. Akwai wanda za a rubuta masa gigabait 128 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai nuna ya karɓi komai, amma da ya cika sai fayiloli su lalace. Ƙaramar manhajar H2testw ta kyauta tana cika filas ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa. A gwada kafin a ba shi amana.

Na huɗu, cinikinmu da yawa yanzu a WhatsApp yake. Wayar Android tana ajiye kwafinsa a Google Drive, iPhone kuma a iCloud, kuma ba a dawo da na ɗaya a ɗayar kai tsaye. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp na cin wannan wurin. Idan ya cika, ajiya ta tsaya. Dawo da ita na buƙatar lambar wayar nan da kuma asusun Google ɗin nan. Don haka a rubuta kalmar sirri a takarda, a adana ta wurin wanda aka amince da shi.

Shawarar masana ita ce kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya kuma nesa da gida, ko a intanet ko wurin ɗan'uwa a wani gari. Mu da ke zaune a bakin iyaka muna da wannan dama, domin da wuya a samu wanda bai da amini a tsallake. Sannan duk ƙarshen wata a jona faifan a wata kwamfutar, a buɗe fayil biyu ko uku a gani da ido. Littafin bashi na takarda ma kada a raina shi. A ɗauki hoton shafukansa duk Juma'a.

Gobara da ambaliya da ɓarawo ba sa sallama. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, amin.