Moda Ɗaya a Bokitin Ajin Nasare

Makon jiya na je ɗauko jikata daga makarantar nasare, na isa kafin a tashi, sai na tsaya a bakin taga. A kusurwar ajin akwai bokitin roba, murfinsa yashe a ƙasa, moda ɗaya tana yawo a saman ruwan. Ina kallo wani yaro mai majina har leɓe ya tsoma hannu, ya ɗebo, ya kurɓa, ya juye ragowar a bokitin, ta bayansa ta karɓa. Malama kuwa tana zaune tana latsa waya. Da na yi mata magana sai ta ce, "Ai Baba, yara ne, Allah ke tsare su." Haka ne, amma Shi ne ya ba mu hankalin da za mu tsare su da shi.

Kamar mun manta da mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ya cinye 2023, ya taɓa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba. Cuta ce da ke bin tari da atishawa da yawu. To, moda ɗaya da ke bin bakin aji guda fa? Ga kuma hannun da ya fito daga bayan gida bai ga sabulu ba, wanda ke zuba gudawa da taifot a ruwan da kowa zai sha.

Gyaran ba tsada. Makarantar da ke karɓar kuɗin zango da na inifom da na walimar yaye ɗalibai ba ta da bakin cewa bokiti mai famfo ya fi ƙarfinta. A rufe shi, a zubar da ruwan da ya kwana, a wanke da sabulu kowace safiya. Kowane yaro ya zo da gorarsa, a ɗaura mata zare mai launi tunda bai iya karanta sunansa ba tukuna, malama ta sa ido kada a yi musanya. Iyaye kuma a riƙa kwance murfin gorar ana sa mata soso. Na taɓa leƙa wata na ga baƙin datti ya yi kanta a marfin, alhali uwar tana tinƙahon ruwan leda take zubawa.

Sannan wannan ɗabi'a ta ɗura wa yaro farasitamol da asuba a tura shi aji don kada kuɗin makaranta su tafi a banza, a daina. Zazzaɓin kawai maganin yake ɓoyewa, cutar tana nan. Yaron da ke da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, balle in wuya ya kumbura ko aka ga fari-fari a can ciki, asibiti za a kai shi a ranar, ba wurin mai cire belu ba.

Allurar da ke kare mashaƙo kyauta ce a asibitocin gwamnati, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9 da na 15. Shugabannin makarantu su riƙa neman katin rigakafi ranar rajista, kamar yadda ba sa manta neman rasit.