Damagaram: neman mangazar ajiya a tsofaffin unguwanni

A Birni da Zango, gidajen ƙasa na gado sun cika da iyali, ɗakin da kaka ke ajiye hatsi ya zama makwancin jikoki. Don haka magidanta da dama, ƴan kasuwa da ma'aikata, kan yi hayar mangaza a waje domin gero, wake da kayan ɗakin ɗiya mai jiran aure.

Abin dubawa na farko shi ne ruwa. A watan Satumba na 2024 mamakon damina ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, balle ɗakin da aka shekara ba a yi masa yaɓe ba. Mai hankali kan je duban mangaza bayan an ɗauke ruwa, ya ga inda indararo ke zuba, ya ƙwanƙwasa azara ko gara ta cinye cikinta. Daɓen da bai ɗara titi tudu ba abin gudu ne, kome arahar haya. Buhu kuwa bisa katako ake jera shi, nesa da bango.

Saura batun makulli. Wanda aka kai gidan surukai can a jibge jakunkunan gero, kunya kan hana shi ƙirga buhunansa. Gara takarda da shaidu biyu gaban mai unguwa, makullin kuma a hannu ɗaya.