Shin Ko Kun San Yadda Manyan 'Yan Majalisar Amurka Ke Faɗuwa a Zaɓen Fidda Gwani?

Shin ko kun san cewa a Yunin 2018 wata matashiya 'yar shekara 28, Alexandria Ocasio-Cortez, wadda ba ta daɗe da barin aikin gidan abinci ba, ta kayar da Joe Crowley a birnin New York? Sau 10 ana zaɓen Crowley, yana cikin jiga-jigan jam'iyyar Democrat a majalisar wakilai, kuma rabonsa da abokin takara a cikin gida tun 2004. Iyalinsa ma a jihar Virginia suke zaune. Da aka shirya wata muhawara, sai ya aika wakiliya. Ita kuwa gida-gida ta riƙa bi tana ƙwanƙwasa ƙofa a Bronx da Queens. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai 30,000 ba, a mazaɓa mai mutum fiye da 700,000.

Ga inda gizo ke saƙar. A Amurka galibi ba daliget ne ke fidda ɗan takara ba, talakawa ne da kansu, kuma kaɗan ne ke fitowa ranar. Masu fitowar galibi su ne waɗanda abin ya ci wa rai. Duk wanda ya iya tattara 'yan dubban nan, ya gama da mai kujera, komai kuɗinsa.

Shin ko kun san cewa a 2014 Eric Cantor, shugaban masu rinjaye na Republican a majalisar wakilai, ya kashe sama da dala miliyan 5, amma malamin jami'a Dave Brat ya doke shi da abin da bai wuce dala 200,000 ba? Tun da aka ƙirƙiro muƙamin a 1899 ba a taɓa kayar da mai riƙe da shi a irin wannan zaɓe ba sai a kansa.

Sanata Richard Lugar kuma, bayan shekaru 35 a kan kujera, ya sha ƙasa a 2012, ana yi masa gorin ya sayar da gidansa na Indiana, jihar da yake wakilta, tun 1977. Wannan sakaci ne tsagwaronsa: ka wakilci mutanen da ba ka kwana a cikinsu!

A 2020 Cori Bush ta karɓe kujerar da gidan Clay, uba da ɗa, suka riƙe a St. Louis tun 1969. A 2024 ita ma aka kayar da ita a zaɓen fidda gwani.