Tsakanin Tsaftace Dandali da Taron Dangi: Nazarin Kiran Kai Ƙarar Shafuka a Wajen Masoyan Mawaƙa

Gabatarwa

Kusan kowace kafar sada zumunta tana da madannin kai ƙara, wanda masu amfani da waya a ƙasar Hausa suka fi sani da "rifot". An tanade shi ne domin wanda ya ci karo da cin zarafi ko barazana ko sojan gona ya sanar da masu kafar. Ƙungiyoyin masoyan mawaƙa sun mayar da shi aikin gayya: mutum ɗaya ya nuna shafi, dubbai su kai ƙararsa. Wannan maƙala ta duba yadda ake bambance kiran da ke neman kawar da cutarwa da wanda ke neman rufe bakin wani, inda ta ɗauki masoyan kiɗan K-pop na Koriya ta Kudu a matsayin misali.

Tushen al'adar

Ba banza masoyan suka ɗauki wannan aiki da muhimmanci ba. A watan Oktoban 2019 mawaƙiya Sulli ta rasu, a watan Nuwamba kuma Goo Hara ta bi ta, dukkansu bayan daɗewa suna shan cin mutunci a intanet. Kamfanin Kakao ya rufe gurbin sharhi a ƙarƙashin labaran nishaɗi na dandalinsa a wannan Oktoban, Naver ma ya yi haka a Maris ɗin 2020. Kamfanonin mawaƙan sun jawo masoya cikin aikin: BigHit Music, mai kula da BTS, yakan fitar da sanarwar ƙarar da ya shigar bisa hujjojin da masoya suka taimaka wajen tarawa, SM Entertainment kuma ya buɗe dandalin karɓar koke mai suna KWANGYA 119 a 2023. Sai dai madannin da ake kare mawaƙi da shi, shi ne ake auna ɗan jaridar da ya kushe waƙa da shi, ko masoyin abokin hamayya.

Abin da lafazin kiran ke tonawa

Bambancin ya fi bayyana a cikin harshen kiran kansa. Kira na gaskiya yakan nuna saƙo takamaimai, ya faɗi ƙa'idar da aka karya, ya bar wa mai karatu damar gani da idonsa. Kiran zuga kuwa mutum yake nunawa. Zai ce wane maƙiyi ne, a tashi a kai, ba tare da ya tsaya a kan abin da wanen ya rubuta ba.

Alama mafi ƙarfi ita ce shifta dalili. Idan aka umarci jama'a su zaɓi "sojan gona" ko "saƙon banza" alhali laifin da ake zargi suka ce kawai, to an riga an san babu ƙa'idar da aka karya, ana neman ƙofar da ta fi saurin buɗuwa ne. Dabarar ba ta masoya kaɗai ba ce. A Disamban 2021 kamfanin Meta ya sanar da rushe wani gungu a Vietnam da ke yi wa masu sukar gwamnati taron dangi da ƙararrakin ƙarya, har wasu daga cikinsu kan buɗe shafin bogi da sunan wanda suke hari, sannan su kai ƙarar na ainihin cewa shi ne jabu.

Akwai kuma batun hujja. Hoton saƙo da aka yanke kansa da gindinsa, babu kwanan wata, babu maganar da ta gabace shi, ba ya tabbatar da komai. Abin ya fi tsanani idan saƙon da Koriyanci aka rubuta shi, mai kiran ne ya fassara, masu amsawa kuma ba sa jin harshen. A nan sun koma 'yan amshin shata. Haka nan nacewa a kan yawa, kamar a ce kowa ya kai ƙara daga dukkan shafukansa kafin gari ya waye, ya saɓa wa abin da Facebook ya bayyana cewa yawan ƙara ba shi ke sa a cire abu ba.

Wata alamar tana da ruɗani, domin ɓangarorin biyu sun yi tarayya a cikinta. Masu kira na gaskiya sukan ce kada a mayar da martani, kada a yaɗa saƙon, har sukan ɓoye wasu haruffan suna don kada cin mutuncin ya ƙara bazuwa. Hikima ce, amma ita ce kuma mafakar mazugi, tunda ta hana bincike. Abin da ke raba gardama shi ne tarihin shafin da ke kiran: shin ya taɓa kai ƙarar nasa idan sun yi irin laifin?

Ga mai nazarin Hausa

Irin wannan kira ya zama ruwan dare a tsakanin masoyan mawaƙa da 'yan fim na Hausa a TikTok da Facebook, kuma harshen yana ƙara masa sarƙaƙiya. Habaici ba ya kama suna, don haka magana mai dafi kan wuce mai tacewa salin alin. Akasin haka, barkwancin Bafulatani da Babarbare, ko na Bakano da Bazazzagi, idan aka tsinko shi daga muhallinsa aka miƙa wa wanda bai san wasan taubasantaka da na ƙabilu ba, ko aka bar wa na'urar fassara, sai ya fito tamkar ƙiyayyar ƙabilanci, a rufe shafin mai shi.